Bangon Falon Mama: Adon Halloween da Dala 40

Asabar, 21 ga Satumba, 2024

'Yar Mama ta ajiye mini dala 40 a kan teburin kicin, ta ce in san yadda zan yi da bangon falo kafin ƙarshen Oktoba. Mama ita ce tsohuwar da nake kula da ita a nan Baltimore, a jihar Maryland ta Amurka. Shekararta 86, ƙafa ta yi nauyi amma kai garau, baki kuwa sai wanda ya ji. Da can ita ke ƙawata gidan duk shekara idan Halloween, bikin shigar dodanni na daren 31 ga Oktoba, ta matso, jikoki su zo su yi ta ihu. Bana hannunta na rawa, almakashi ma ya gagare ta, ga shi kwalin kayan adon da ta tara ya ruɓe a ɗakin ƙasa lokacin da ruwa ya shiga. Sai aikin ya faɗo kaina. Ni ba bikina ba ne, ba na yin sa a gidana. Amma yankan kwali da shafa fenti ba baƙon abu ba ne a wurina, kuma wadda za a yi dominta ba irin wadda ake ce wa a'a ba ce.

Bangon shi ne na bayan doguwar kujera, faɗinsa ƙafa 9. Na fara leƙa Spirit Halloween, irin kantunan nan da ke buɗewa a gine-ginen da masu su suka tashi, su yi ciniki wata biyu, Nuwamba na kamawa su ɓace. Hoto ɗaya mai kyau a can zai cinye rabin abin da ke hannuna. Na yi kallo na fito.

A Goodwill, kantin kayan gwanjo, na samu firam biyar, manya biyu, ƙanana uku, babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Ɗaya mai ruwan zinari ne da sassaƙa a jikinsa, ɗaya zagayayye, sauran na katako ne kawai. Dala 11.66 har da haraji, don a Maryland kashi 6 cikin ɗari suke ɗorawa. A Dollar Tree, inda a 2024 kusan komai yake dala 1.25 tun da suka ƙara farashi a ƙarshen 2021, na ɗauki baƙin kwali babba biyu, farin ƙyalle mai shara-shara, gam, buroshin soso, da fakitin 'yan fitilun batir masu siffar kyandir. Dala 7.95. Yau kaɗai 19.61 ta tafi.

Litinin, 23 ga Satumba

Na zauna da Mama da fensir da takarda don mu tsayar da abin da za a saka. Sharaɗinta na farko: ba jini, ba yankakken hannu, ba wuƙa. Ta ce wannan duk shirmen 'yan fim ne, a zamaninsu ba haka ake yi ba. Kakan mahaifinta daga Ayalan ya zo yana yaro, cikin waɗanda yunwar dankali ta 1845 zuwa 1852 ta koro, danginsu kuma suka yi aikin kamfanin jirgin ƙasa na B&O kamar da yawa daga 'yan Ayalan na wannan gari. Su suka ƙetaro da al'adar. A can asalinta bikin ƙarshen girbi ne da shigowar hunturu, daren da mutanen da suka ɗauka matattu na kusantar rayayyu, daga baya ya haɗu da jajiberin ranar waliyyai ta coci, 1 ga Nuwamba. Kakarta ta gaya mata a Ayalan wata saiwa mai tauri da ake ce wa tanif suke fafewa su sa wuta a ciki. Sai da suka zo Amurka suka tarar da kabewa, ga girma ga sauƙin fafa.

'Yarta ta kawo shawarar a ɗauko tsofaffin hotunan dangi, a kwafa, a baƙanta idanuwan. Wai ana yayin haka. Kafin in buɗe baki Mama ta ce, "Uwata ba dodo ba ce." Magana ta mutu. Ni ma hakan ya yi mini daɗi, don har a kantunan gwanjo ana sayar da hotunan mutanen da ba a san ko su waye ba, ana sayensu don wannan aiki. Mutum ya sa kayansa masu kyau ya je ya zauna gaban mai hoto shekara ɗari da suka wuce, yau a mai da shi abin tsorata yara. Ban ga kyan wannan ba.

Mun tsaya a kan jemagu, mujiya, kwarangwal ɗaya, hankaka, da busasshiyar bishiya a gaban farin wata.

Laraba, 25 ga Satumba

Na cire gilasai da kwalayen bayan firam ɗin, na wanke da ruwan sabulu. Fentin feshi baƙi marar sheƙi daga kantin kayan gini, dala 7.40. Jimla 27.01. Sama ta ƙi washewa.

Asabar, 28 ga Satumba

Fenti ya ba mu ruwa. Tun farkon mako ake yayyafi, sannan guguwar Helene da ta sauka Florida ranar Alhamis ta ƙara turo mana danshi. Hasashen yanayi bai nuna rana a kusa ba, don haka jiya na shimfiɗa jaridu a ƙarƙashin rumfar bayan gida na fesa firam huɗu. Da farko sun yi baƙi ƙirin, gwanin kyau. Bayan awa guda sai wani fari-fari ya hau su, kai ka ce an busa musu toka. Abin da ke faruwa shi ne, sinadarin da ke cikin fentin yana tashi da sauri ya sanyaya jikin katakon, sai raɓar da ke cikin iska ta kwanta a kai ta maƙale a cikin fentin kafin ya bushe. Har dare in ka taɓa suna danƙo.

Da safen nan surukin Mama ya zo gyaran famfo, ya gan su a jere, ya ga ya taimaka, ya ƙara musu feshi na biyu. Allah ya saka masa da niyyarsa. Irin wannan fenti kuwa ko dai ka ƙara cikin awa ɗaya, ko ka bari sai bayan kwana biyu. In ka shiga tsakani, sabon ya jiƙa na ƙasa wanda bai gama kamawa ba, sai ya tattare. Haka aka yi. Manyan biyu sun yamutse, duk jikinsu ya yi tamoji-tamoji. Ya tsaya yana sosa ƙeya yana ba ni haƙuri, ni kuma ina lissafin fentin da ya rage a gwangwani.

Na kai wa Mama ɗaya ta duba. Ta shafa da yatsa ta ce a bar shi haka, ya fi kama da abin da aka tono a gidan da aka daɗe da rufewa. Don haka manyan biyu za su zauna da tamojinsu. Ƙananan biyu zan jira su bushe sosai in goge da samfefa in sake.

Na biyar, mai ruwan zinarin, ban fesa shi ba kuma ba zan goge shi ba. Ya tsufa ƙwarai, ga fenti na ɓarewa a gefensa. Sai a 1978 aka hana fenti mai dalma a gidajen Amurka, kuma duk wanda ya zauna a Baltimore ya san yadda wannan fenti ya cutar da yaran garin. Ƙurarsa ce guba. Gidan da jikoki ke birgima a ƙasa ba wurin gwaji ba ne. Zan shafe shi da gam mai ruwa ya rufe ɓarewar, in ɗan dusashe zinarin da baƙin fenti na buroshi.

Har da farin wata ya tafi. Na yanka shi daga farin soson nan da ake cusawa a kwalin talabijin, ya yi zagaye cif. Yana jingine kusa da jaridun, iska ta kai masa feshin, gefe ɗaya ya narke ya rarake. Fentin feshi da wannan soso ba sa shiri.

Talata, 1 ga Oktoba

Har yanzu gajimare. Na shigo da firam ɗin ɗakin ƙasa kusa da na'urar tsotse danshi. Danƙon ya fara sauka.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Ranar hotuna. Ba sai an saya ba, don manyan ɗakunan karatu da gidajen tarihi sun zuba tsofaffin zane-zane a intanet kyauta, waɗanda haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa. Na zaɓi uku. Na farko shafin jemagu na Ernst Haeckel, Bajamushen masanin halittu, wanda aka buga a 1904. Fuskokin jemagu ne reras a jere, wani hanci kamar ganye, wani kunnuwa sun fi kansa girma. Bai ƙara musu komai ba, haka Allah ya yi su, amma in ka daɗe kana kallo sai tsikar jikinka ta tashi. Na biyu mujiyar John James Audubon mai farar fuska. Na uku kwarangwal daga littafin sassan jiki na Andreas Vesalius na 1543, wanda ya harɗe ƙafa ya yi tagumi, ɗaya hannun a kan wani ƙoƙon kai.

'Yar Mama ta buga mini su a firintar gidanta ta kawo. Na dafa shayi mai kauri, jaka huɗu a kofi ɗaya, ya huce, na tsoma soso na bi kan jemagun don takardar ta yi kalar tsufa. Nan take tawadar ta kama gudu. Baƙi ya rabu gida biyu, wani shuɗi wani ja-ja, fuskokin suka narke suka zama tabo. Firintar gida tawadar ruwa ce, ruwa na taɓa ta ta tashi. Ta laburare kuwa garin roba take amfani da shi, zafi ya manna shi a takarda, ruwa ba ya yi masa komai.

Da yamma na bi ta reshen laburaren Enoch Pratt na unguwarmu na sake bugawa, kowanne har da na ko-ta-kwana. Dala 1.80. Waɗannan sun sha shayi lafiya lau. Yadda na yi: na dunƙule takardar a hannu a hankali na warware, na shimfiɗa a faranti, na shafe ta da shayi, na yayyafa ɗan garin kofi nan da can don ya bar ɗige-ɗige masu duhu. Shayin ya fi zama a cikin layukan dunƙulewar, abin da ke ba ta kamannin tsufa ke nan. Na sa a obin a wuta mafi ƙanƙanta, ina tsaye a kai, 'yan mintuna ta bushe. Sannan na danne su da manyan littattafai. Masu koyarwa a intanet suna cewa a babbaka gefen takardar da ashana. A gidan da ke da ƙararrawar hayaƙi a kowane lungu da tsohuwa mai barcin rana, ban ga dalili ba. Na yage gefen da hannu na goga masa jiƙaƙƙen kofi, ya wadatar.

Jimla 28.81.

Litinin, 7 ga Oktoba

Mama ce ta tuna mini cewa a rana irin ta yau, a 1849, marubuci Edgar Allan Poe ya mutu a garin nan, kabarinsa na nan a kusurwar titin Fayette da Greene. Waƙarsa ta 1845 a kan baƙin hankaka ita ta sa aka raɗa wa ƙungiyar ƙwallon Amurka ta garin suna Ravens, wato hankaki, a 1996. Duk Lahadi sai na sa mata rigarta ta ƙungiyar mai launin shunayya kafin a fara wasa. Saboda haka hankaka a bangon nan ba zaɓi ba ne, dole ne.

Hankakan da na taso ina gani farin ƙirji gare shi. Na nan baƙi ne wuluk, kuma iri biyu ne. Mama ta sa na kawo mata littafin tsuntsayen marigayi mijinta ta nuna mini. Ƙaramin, wanda ke yawo a juji, jelarsa a baje take. Babban, wanda ake nufi, bakinsa kakkaura ne, gashin wuyansa a yamutse, jelarsa kuma mai tsini a tsakiya. "'Yata, ki yi mini babban. Kada maƙwabta su yi mini dariya."

Na zana shi da farin alli a bayan baƙin kwali, na yanka da reza a kan katakon yankan albasa. Gashin wuyan ne ya ci lokaci, sai da ƙaramin almakashin farce. Zai shiga zagayayyen firam, a bayansa takarda mai shayi ba rubutu. Ragowar kwalin na yanka jemagu manya da ƙanana. Dabarar ita ce a ninke kwalin biyu a zana rabin jemage a kan ninkin, in an buɗe sai fukafukan su zo daidai, kuma layin ninkin na sa su ɗan ɗago daga bango.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ina neman tsani a ɗakin ƙasa na ci karo da tsohuwar ragar taga, irin ta hana sauro, da firam ɗinta na katako. Na hau da ita don in tambaya ko za a zubar. Mama na ganinta ta gyara zama. Ta ce lokacin ƙuruciyarta, in ka bi layukan gabashin Baltimore, gidajen nan masu manne da juna da matakalar farin dutse, kusan kowace taga da zane a jikin ragarta: ɗan gida mai jan rufi, tafki, agwagwa. Wani mai kantin kayan miya ɗan asalin ƙasar Cek, William Oktavec, shi ya fara a 1913, ya zana kayan kantinsa a ragar ƙofa. Maƙwabta suka lura cewa na waje ba ya ganin ciki, na ciki kuwa yana ganin waje sarai, iska na shiga. Ga gidajen da tagarsu ke bakin titi, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne.

To bishiya da wata sun samu wurin zama. Na sayi ƙananan kwalaben fenti na ruwa uku, fari da baƙi da ruwan toka, dala 3.15. Jimla 31.96.

Zane a kan raga ba kamar a takarda ba ne. In ka cika buroshi, fentin ya toshe ramukan ya zama faci. Sai ka taɓa kaɗan, ka goge a tsumma har buroshin ya kusa bushewa, sannan ka bi kan zaren. Ramin da ya toshe sai a hura shi da baki ko a tsokale da tsinken sakace tun yana ɗanye. Na fara da shafe ragar gaba ɗaya da ruwan toka mai duhu, na ɗora murfin tukunya na zagaye shi da alli don watan, na cika shi da fari sau da yawa, a hankali a hankali. Bishiyar sai gobe in ya bushe.

Asabar, 12 ga Oktoba

An gama bishiya. Na leƙa wata bishiya a bayan layi da ganyenta ya zube na kwaikwayi rassanta. Ƙananan firam biyu sun sha samfefa da sabon feshi. Rana ta fito, sun bushe sumul cikin yini ɗaya. Gwangwanin ya ƙare daidai.

Talata, 15 ga Oktoba

Ratayewa. Bangon gidan na tsohon filasta ne, in ka buga ƙusa sai ya tsage ya zubo da gari, kuma 'yar Mama ta ce kada a huda. Na sayi irin abin mannawar nan mai gam gaba da baya da ake cirewa ba tare da tabo ba, dala 4.75. Na bi duk abin da aka rubuta a jikin fakitin: na goge wurin da sifirit, na danna na riƙe, na ba shi awa guda kafin in ɗora nauyi. Jiya da yamma komai na rataye, raga a tsakiya, firam biyar kewaye da ita, jemagu na tashi daga kusurwar hagu zuwa sama.

Da asuba ina shigowa na tarar da babban firam ɗin mujiya a bayan kujera, gilashi ya tarwatse. Na biyu ya karkace yana lilo da gefe ɗaya. Allah ya sa cikin dare ne ba wanda ke zaune. Da na duba bayan abin mannawar, sai na ga bai rabu da fentin bango ba, fentin ne ya rabu da bangon. Ya ɗebo ɓawo mai faɗin tafin hannu, a ƙarƙashinsa wani kore, a ƙarƙashin koren wani ruwan ƙasa. Shafi a kan shafi na shekara da shekaru, ba abin da ke riƙe da su sai Allah. Na sa safar hannu, na kwashe ɓawon da jiƙaƙƙen tsumma, na bi ƙasan da tsintsiya da injin shara saboda gilashi, don Mama da safa take yawo. Na kira 'yarta na gaya mata ta sa a duba fentin kafin a yi facin wurin.

Na sauke sauran duka. Na kuma cire gilasan da suka rage. Ba su da amfani a nan, ƙarin nauyi ne kawai, ga shi suna ɗaukar hasken talabijin su ɓoye zanen. Jimla 36.71, bango kuma wayam, da tabo a tsakiya.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Maganin na saman kanmu tun farko. Akwai wani siririn katako da ya zagaye falon, ƙasa kaɗan da silin, wanda na ɗauka ado ne kawai. Mama ta ce don rataye hotuna aka yi shi, haka ake gina gidajen da saboda kada a huda filasta. Ana saƙala masa ƙugiya mai lanƙwasa, a zuro igiya. Na samo ƙugiyoyin, dala 5.30. Igiya kuwa zaren kamun kifin surukinta, wanda ya kawo da murnarsa, ina jin don ya wanke laifin fenti.

Zaren ba ya ganuwa, sai firam ɗin suka zama kamar a iska suke. Ragar ta rufe tabon. Na bar biyu a ɗan karkace da gangan. Jemagun kwali ba nauyi, ɗan salatif ɗin masu fenti da aka naɗe ya riƙe su.

Jimla 42.01. Na haura da dala 2 da santi ɗaya. 'Yar Mama ta ce a bar maganar.

Litinin, 21 ga Oktoba

Ranar Asabar na ƙara farin ƙyallen. Na jiƙa shi a shayi, na yayyaga, na rataya daga ƙugiya ɗaya ya sauko ta kan babban firam kamar tsohuwar yana. Na kuma jera fitilun batir a kan ɗan kantar da ke ƙarƙashi. Da rana ya yi kyau, har Mama ta sa aka ɗauke ta hoto a gabansa.

Daren jiya 'yarta ce ta kwana da ita. Wajen ƙarfe uku Mama ta tashi za ta banɗaki da ƙarfen dogarawarta, hanyar kuwa ta bakin falo take bi. Na'urar ɗumama gida ta kunna kanta, iskar ta taso daga ramin ƙasa ta ɗaga ƙyallen, fitilun kuma na haska shi daga ƙasa, inuwarsa ta miƙe har silin. Ba ta sa tabarau ba. Ta ga mutum tsaye a bayan kujera yana ɗaga hannu. Ta ƙwalla ƙara, ta ja da baya, ƙarfen ya kufce. Bango ne ya tare ta ba ta faɗi ba, amma gwiwar hannunta ta yi baƙi, kuma ba ta koma barci ba sai da gari ya waye.

Da na iso ta mai da abin wasa, wai aikina ya ci. 'Yarta ba ta yi dariya ba, ni ma haka. A shekarun Mama faɗuwa ɗaya ke karya ƙugu, karayar ƙugu kuma ita ke kwantar da tsoho kwanciyar da ba ya tashi. Masu ba da shawarar ado a intanet gidan matasa suke magana a kai. Bangon da tsohuwa za ta wuce ta gabansa cikin dare, ido ba tabarau, dole duk abin da ke jikinsa ya tsaya cik, kuma kada ya kai tsayin mutum.

Ƙyalle ya sauka. Na yanki ɗan guntu na manna shi da gam a kusurwar firam ɗaya ta yadda ba zai motsa ba, sauran na ninke. Fitilun za a kunna ne kawai in akwai mutane a falo, a kashe kafin ta kwanta. Na sa ƙaramar fitilar dare a hanyar banɗaki.

Kwarangwal ma ya yi ƙaura. Ba wai ya tsorata ta ba. Ta ce yana kallonta tana cin abinci, "ni da na kusa zama shi, ba na buƙatar tuni." Ya koma bakin ƙofar shigowa, inda yara za su gan shi. A gurbinsa na sa ɗaya daga cikin na ko-ta-kwana na jemagu.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ba abin da ya faɗo. Jemage ɗaya ya saki fiffike, na ƙara salatif.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Jikoki sun zo gwaji. Mun kashe fitilar sama, mun bar ta gefen kujera kaɗai. Haske daga gefe shi ne ya tayar da bangon: kowane jemage ya samu inuwa ta biyu a bayansa, sai suka ninka yawa. Na sa fitilar batir ɗaya a bayan ragar, daidai saitin watan, ya yi haske ta cikin ramukan, rassan bishiyar suka fito baƙi a kansa. Babban jikan, mai shekara tara, ya ce ba abin tsoro, amma ya ƙi zama a kujerar da ke ƙarƙashin mujiya. Ƙaramar ta tsaya gaban jemagun Haeckel tana tambaya ko da gaske akwai su. Da aka ce mata e, sai ta koma bayan uwarta. Abin da ban kashe masa ko rabin dala ba shi ya fi komai aiki.

Alhamis, 31 ga Oktoba

An yi ɗumi kamar ba ƙarshen Oktoba ba, mutane duk a kan matakalar gidajensu da kwanon alawa. Na zaunar da Mama a bakin ƙofa, na buɗe ta gaba ɗaya yadda za a hango falo daga titi. Tun kafin magariba yara suka fara zuwa rukuni-rukuni cikin shigar dodanni da 'yan sama jannati, gida-gida, kamar 'yan tashe sai dai ba ganga. Wata dattijuwa da ta rako jikanta ta hango ragar ta nemi izinin shiga. Ta daɗe a gabanta, ita da Mama suka shiga lissafin layukan da ake da masu zanen raga a da. Ta tambaya ko ina karɓar aiki. Na ce mata wannan ce ta farko, ta ce tana da raga biyu a gareji.

Alawa ta ƙare kafin ƙarfe takwas. Muka kashe fitilar waje, alamar an rufe ke nan.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na sauke jemagu da kwarangwal da mujiya, na jera su tsakanin kwalaye biyu, na sa a robar ajiya mai murfi. Wannan karon saman kabad za ta zauna, ba ɗakin ƙasa ba. Hankaka zai ci gaba da zama har a gama kakar ƙwallo, umarnin Mama ne. Ragar ma tana nan, don ita ke rufe tabo, kuma mai duba fenti sai mako mai zuwa zai zo.

Firam huɗu yanzu babu komai a ciki. 'Yar Mama na so a cika su da ganyen kaka kafin bikin godiya na 28 ga wata, lokacin da dangi za su taru. Na tsinto jajaye da rawaya a wurin shaƙatawa na Patterson, suna danne a cikin littafin tsuntsaye tsakanin jaridu, za su ɗauki kamar mako biyu kafin su bushe. Baƙin firam mai tamoji ba zai dace da su ba, sai an nemi fenti mai ruwan ƙasa, na buroshi. Gobe za a mai da agogo baya da awa ɗaya, duhu zai riƙa yi tun biyar, don haka aikin fenti ya koma safe. Ranar Talata zan je in duba ragunan dattijuwar nan, in ga ko tsatsa ba ta cinye su ba kafin in faɗi kuɗi.